Shekarun da Baba Ya Koma Hannun Hagu

A duk danginmu ni kaɗai ne na taɓa kaɗe mahaifina da mota, kuma har yau ba a bar ni na manta ba. Ko wurin suna aka haɗu, da na ɗauko makulli zan tafi sai wani ya ce a janye tsofaffi daga bakin hanya. Ina taya su dariya don ba ni da yadda zan yi. Sai dai labarin da suke bayarwa rabi ne. Ragowar ba a faɗarsa a taro, kuma sai da na nemi izinin mai shi kafin na rubuta.

Baba malamin gona ne, ya yi ritaya ya zauna a gidansa na Ajingi. Yana da gonar gyaɗa a hanyar Toranke, yana da awaki, yana kuma da wani baƙin keke da ya girme ni. Idan aka ce ya zaɓi ɗaya a cikinsu, ba na jin zai tsaya tunani. Kullum da safe sai ya fito da keken daga zaure, ya goge shi da tsumma, ya matsa tayoyin da yatsa, ya ɗiga wa sarƙar mai, sannan ya tambayi yadda kowa ya kwana. Mun sha yi masa tayin babur, ni da ƙannena. Ya ce abin da sai an ba shi ya sha kafin ya motsa baƙo ne, shi kuwa baƙin da yake da su sun ishe shi.

A kan keken yake zuwa gona, a kansa yake zuwa jana'iza da ɗaurin aure, a kansa kuma yake zuwa Gaya kowace Juma'a ya gaida yayarsa. Gwaggo ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta tsufa ƙwarai, ba ta fita, amma bakinta bai tsufa ba. Mutum ya haura saba'in, gemu fari fat, amma har yanzu "yaron nan" take ce masa, shi kuma ya durƙusa a bakin ƙofa ya amsa.

Shi ya koya mini hawan keke, kuma darasin farko bai shafi feda ba. Ya tsayar da ni a bakin kwalta ya ce hannun dama ake bi, inda mota ta dosa nan keke yake dosa. Ranar da ya gan ni na tsallaka hagu don in bi inuwar darbejiya, sai da ya murɗe mini kunne har na kwana ina jin zafinsa. Shi ya sa da wani direban bas mai jigilar Kano ya tare ni a tashar Gaya ya ce in yi wa tsohona magana, ban gane inda ya dosa ba.

"Wace magana?" na tambaye shi.

"Wanwe yake bi, wallahi. Kana tahowa a hannunka sai ka gan shi a gabanka, har ɗaga maka hannu yake yi. Jiya saura kaɗan in sauka a gonar mutane da fasinja cike. Mutumin kirki ne, shi ya sa na ce bari in faɗa maka."

Na ce wataƙila kama ce. Ya ce a duk ƙasar nan akwai mai irin wannan keken bayan shi?

Ni a Gaya nake zaune, ina aiki a sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Ranar Asabar na tafi Ajingi. Na tarar da Baba a zaure yana ɓarar gyaɗar iri, ya ba ƙofa baya. A bangon da yake fuskanta an rataye wani ƙaramin madubi wanda ban san da shi ba. Kafin in rufe baki da sallama har ya amsa. Na tsokane shi na ce ko takara zai tsaya ne da ya fara duba fuska. Ya ce aikin Innarmu ne, in je in tambaye ta.

Na zauna a gabansa na ce, "Baba, an ce hagu kake bi yanzu."

Ya ɗago ya zuba mini ido, irin kallon da ya koma yi wa mutane a 'yan shekarun nan, kamar yana ƙirga haƙoranka.

"Wa ya ce?"

"Direbobi."

"To ai su ma hagun suke bi lokacin da na koyi keke. Ina saurayi gwamnati ta tashi rana ɗaya ta ce kowa ya koma dama. Ba wanda ya tambaye ni."

"Amma ai ka koma. Shekaru kana bin dama. Har kunnena ka murɗe a kai."

"Lokacin ina cin albashinta. Yanzu na yi ritaya."

Na yi dariya ba don na so ba. Inna tana tsakar gida tana jin mu, ita da ba ta iya riƙe dariya, amma ranar ban ji motsinta ba.

Daga nan maganar ta zama abin da muke yi duk zuwana, kuma kowane zuwa da sabon dalili. Wata rana ya ce idan kana hagu, duk wanda kuka yi kiciɓis da shi ta hannun damanka zai wuce, ka ga fuskarsa ka gaishe shi yadda ya kamata, shi kuwa ba ya ba Musulmi hagu. Na ce tirela ma Musulma ce? Ya ce direban fa? Wata ranar kuma ya ce shi dai yana son ganin abin da yake tahowa.

"Abin da zai kashe ni, ina so mu haɗa ido."

Ranar na ɗebi gyaɗa na jera a kan tabarma don in yi masa bayani. Na ce ga mota, ga keke. Idan hanya ɗaya kuka dosa, direba yana hango ka, yana da lokacin da zai rage gudu ya kauce. Idan kuwa gaba da gaba kuke, gudunka da nasa haɗuwa suke yi, kafin ya ankara kun gamu, kuma bugun ya fi muni. Na ce mafi haɗari shi ne bakin lungu da mahaɗa, don mai fitowa inda motoci suke tahowa yake duba, ba ya tsammanin kowa daga ɗaya ɓangaren. Ya saurare ni har na gama, idonsa a bakina. Sannan ya ɗauki gyaɗar da na yi mota da ita ya ɓare ya ci, ya ce ga shi nan ya gama da ita.

Dole in faɗi gaskiya game da kaina. A shekarar na sayi mota, tsohuwa ce da ta sha hannu, amma a wurina babu kamarta. Sabon mai mota kuwa ba wanda ya fi shi sanin dokar hanya. Matata na yi wa lacca, abokan aikina na yi musu, 'yan adaidaita kuwa har leƙowa nake ta taga in koya musu sana'arsu. Ga shi ina da saurin fushi, abin da kowa ya ce ba a wurin Baba na gado ba.

Wata Juma'a da yamma ina kan hanyar Ajingi na hango shi a gabana yana komawa gida, can a gefen hagu, babbar rigarsa a naɗe a kafaɗa. Na danna hon sau biyu. Bai waiwayo ba. Na rage gudu na leƙo na ƙwala masa kira, "Baba!" Ko gezau. Raina ya ɓaci. Na ce wato don na dame shi da magana shi ne zai share ni a kan titi. Na taka mota na wuce shi ban ko kalli inda yake ba, na je gida na faɗa wa Inna cewa Baba ya fara gaba da 'ya'yansa. Ta dube ni ta ce in sha ruwa.

Ba a yi wata biyu ba, ranar kasuwar Ajingi, wani adaidaita ya goge shi har ya faɗi ya kuje gwiwa. Ya ɓoye, amma maƙwabciya ta faɗa wa ƙanwata, ƙanwata ta faɗa wa duniya. Muka yi ta magana a waya mu shida, muka yanke cewa a karɓe keken. Da aka zo batun wa zai karɓa, kowa ya tuna yana da aiki. Aka ce ni ne babba, kuma ni ne mai mota.

Na fara da Inna. Tana tankaɗe na same ta, na zayyana mata komai.

"Ku bar wa Malam kekensa," ta ce.

"Saboda me, Inna?"

Ta ci gaba da tankaɗe. Na sake tambaya, ta sake yin shiru. Sai na ce to ranar da aka kawo shi a kwance ta yi magana. Ta ajiye rariyar ta dube ni. Wannan maganar tawa tana cikin abubuwan da nake jin kunyarsu har gobe.

Mutum ɗaya ne a duniya Baba ba ya yi wa musu, don haka na nufi Gwaggo. Da gangan na zaɓi ranar Alhamis don kada mu haɗu da shi. Lokacin kaka ne, an fara cirar gyaɗa. Gidan Gwaggo yana cikin wani lungu da ya ɓulla kan kwalta, daidai inda mai shigowa Gaya daga Ajingi yake wucewa. Na same ta a ɗaki tana jan carbi, na ƙara wa labarin gishiri yadda ya kamata, har gwiwar da aka kuje ta kusa zama karaya.

"Yaron nan ba ya jin magana tun yana ƙarami," ta ce. "Je ka ɗauko keken ka kawo mini nan. In ya isa ya zo ya karɓa a hannuna."

"Gwaggo, ba zai yarda ke kika aiko ni ba."

Ta miƙo mini carbin. "Nuna masa wannan."

Na fito ina jin kaina kamar wanda aka ba takardar kama ɓarawo. Na rataya carbin a madubin mota, na tayar, na gangaro bakin lungu. Ajingi zan nufa, wato dama zan karya. Na duba hagu, inda motoci suke tahowa. Wata bas ta wuce, babur biyu suka bi ta, sai hanya ta buɗe. Na saki birki na juya sitiyari, idona har lokacin yana hagu.

Ƙarar ba ta da yawa. Kamar an jefar da kwanon sha ne a kan siminti. Da na juyo sai na ga farar riga ta kwanta a kan bonet ta zame ƙasa, ɗanyar gyaɗa kuma tana zuba a gilashina. Na gane keken kafin in gane mai shi.

Ban san yadda na fito ba. Na same shi zaune a gefen kwalta, hularsa can, ya riƙe hannunsa na hagu da na dama. Ƙafar gaban keken ta lanƙwashe a ƙarƙashin motata. Ashe gyaɗar farko aka cira a gonarsa da safen, shi ne ya ce ba zai jira Juma'a ba, sai Yaya ta fara ɗanɗanawa.

Kafin ka ce me, mutane sun taru. Wani mai facin taya ya cakumi rigata yana cewa masu mota ba su da imani, sun ga tsoho sun bi ta kansa. Wani ɗan adaidaita kuma ya ce a yi adalci, shi a kan idonsa aka yi, tsohon wanwe ya biyo. Aka rabu biyu ana ta musu. Baba ya ɗago ya ga an riƙe mini wuya.

"Ku sake shi," ya ce. "Ɗana ne. Bai daɗe da koya ba."

Aka fashe da dariya. Mai facin ya sake ni har yana gyara mini wuyan riga. Mata biyu masu sayar da awara suka shiga tsince gyaɗar suna mayarwa a buhu. Na ce mu tafi asibiti yanzu. Baba ya ce shi ba zai zo ƙofar gidan yayarsa ya wuce bai gaishe ta ba, ko da kansa ne ya rabu da wuyansa.

Haka muka koma cikin lungun, shi a gaba, ni a baya da buhun gyaɗa, wani kuma ya ɗauko keken a kafaɗa. Gwaggo ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Na ce ka kawo mini keke," ta ce da ni. "Ban ce ka haɗo da mai shi ba."

Baba ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, yana fuskantarta, ya gaishe ta. Ni ina tsaye a bayansa. A nan ne abin ya sauko mini. Na ga da na ƙara taka mai kaɗan da yanzu wani zancen ake yi. Na durƙusa a bayansa na ce, "Baba, ka yafe mini."

Bai amsa ba.

Na sake faɗa. Shiru. Na faɗa a karo na uku, hawaye ya zubo mini, ni da 'ya'yana huɗu. Ko motsi bai yi ba. Ban taɓa jin abu ya soke ni irin wannan shirun ba. Na ɗauka shi ke nan, na kai mahaifina inda ba zai iya yafe mini ba.

Gwaggo tana kallonmu. Ta daɗe tana kallon, sannan ta ce da ni, a hankali, "Zagayo gabansa."

Na zagayo na durƙusa inda zai gan ni, na sake faɗa.

"Me ka yi mini?" ya ce nan take. "Na yafe. Kai kuma kukan me kake yi kamar ɗan yaye?"

Gwaggo ta matso da fuskarta kusa da tasa. "Tun yaushe?"

"Me, Yaya?"

"Kar ka yi mini wannan. Haka babanmu ya yi, ni na yi jinyarsa. Tun yaushe kunnen ya tafi?"

Baba ya sunkuyar da kai. Can ya ce shekara uku ke nan. Ya ce na daman ya tafi gaba ɗaya, na hagun kuma sai an matso, sai kuma ya haɗa da kallon baki. Ya ce wata rana yana dawowa daga gona a hannunsa na dama, bai ji komai ba, sai iska ta fizge masa hula, ya ga tirela ta wuce shi da tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba. Direban yana ta zagi da hannu, alamar ya daɗe yana danna hon. Ya sauka ya zauna a gindin wata tsamiya. Da ya tashi sai ya tura keken ya tsallaka titi, tun daga ranar bai koma dama ba.

"Me ya sa ba ka faɗa ba, Baba?" na tambaye shi.

"Da na faɗa, ranar za ku karɓe keken."

Gaskiyarsa, don carbin Gwaggo yana rataye a motata a lokacin. Sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Rediyon da ya koma ƙure wa murya. Wayar da yake miƙa wa Inna ya ce shi ba ya son surutu. Madubin zaure, wanda Inna ta rataya don ya ga mai sallama ya amsa kafin a gane. Ita kaɗai ta sani, ya roƙe ta kada ta faɗa, ta kuwa riƙe har na yi mata rashin kunya a kai.

Na ce, "Amma Baba, yau ai ka ga motata."

"Na gan ta tun daga nesa. Na gan ka a ciki, ka juya kai can. Na ce yanzu zai waiwayo." Ya dubi hannunsa da ya fara kumbura. "Ba ka waiwayo ba."

"Ba wanda yake waiwayowa, Baba. Abin da nake faɗa maka ke nan."

"Na gani," ya ce. Wannan karon bai kawo wani dalili ba.

Gwaggo ta yanke hukunci a wurin. Ta ce keke ya zo ke nan, a jingine shi a rumfarta. Mutumin da ba ya ji, in ya bi dama a taka shi ta baya, in ya bi hagu ɗansa ya taka shi ta gaba, to ya zauna a gida. Na jira Baba ya yi wata dabarar, ya kawo zancen gwamnati ko na Musulmi. Sai kawai ya ce, "To, Yaya." Abin da na zo nema ke nan tun safe, na samu, kuma ban ji daɗinsa ko kaɗan ba.

A asibiti aka ce ƙashin wuyan hannu ne ya tsage, aka ɗaure. Hannun ya warke cikin makonni, mai hannun ne ya ƙi warkewa. Ranar Juma'a ni nake ɗauko shi a mota in kai shi Gaya, yana zaune a gefena kamar kayan aike. Idan mun shiga gidan Gwaggo ba ya kallon rumfa. Gona sai wanda ya ga dama ya kai shi. Inna ta ce mini har yanzu yana tashi da safe ya ɗauki tsumman, ya tsaya a zaure, sannan ya mayar ya zauna. Tsokanar ma ya daina. Na yi kewar a cinye mini mota a kan tabarma.

Na kai shi Kano aka duba kunnen, aka ba shi ɗan abin da ake maƙalawa. Ya taimaka a ɗaki da masallaci. A waje kuwa ya ce iska kawai yake jiyo masa, kamar ana fifita wuta a cikin kansa.

Dabarar ba tawa ba ce. Wata Asabar na shiga zaure, ya amsa sallamata ta madubin nan kamar yadda ya saba, na wuce ciki na sami Inna. Na fara ba ta haƙuri a kan maganar da na faɗa mata. Ta ce ya wuce. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Shi keke ba a sa masa madubi ne?"

Washegari na je na durƙusa a gaban Gwaggo, ni da na kawo ƙara, na koma roƙo. Ta ce ni ba ni da tsayayyar magana, jiya a karɓe, yau a mayar. Na ce na yarda. Ta ja ni har sati biyu kafin ta sakko, da sharaɗi: dama zai bi, kuma ranar da ta ji an gan shi a hagu, 'yan gwangwan za ta kira su auna keken a kilo. Mai gyaran keke ya sake ƙafar gaba, ya ɗaura madubin babur guda biyu a kan keken, manya, har ya zama kamar sa mai ƙaho.

Ranar Juma'a bayan an sakko daga masallaci aka fito da shi. Baba ya zagaya shi sau biyu. Ya matsa tayoyin da yatsa. Ya hau, ya gyara madubin hagu, ya sake gyarawa. Na ce zan bi shi a baya da mota har gida.

"A'a," ya ce. "Duk ƙasar nan motarka ce kaɗai ta taɓa kaɗe ni."

Na bar shi ya yi nisa, sannan na bi shi a hankali. Ya tsallaka ya kama dama. Ina hango bayansa a sandare, kansa yana ɗan karkata wajen madubi kowane lokaci. Mun fita gari kaɗan sai ga wata babbar mota da lodin hatsi ta wuce ni ta nufe shi. Na riƙe sitiyari har yatsuna suka yi zafi. Tun motar tana nesa na ga ya gangara gefe, ya rage gudu, ya dafe hularsa da hannu ɗaya. Ta wuce. Ya hau kwalta ya ci gaba. Daga nan kafaɗunsa suka sauko. Wani mai babur ya zo ta bayansa ya ɗaga hannu, sai na ga Baba ya ɗaga nasa tun kafin mai babur ɗin ya iso shi.

Da na isa Ajingi na tarar ya jingine keken a ƙofar gida yana goge ƙurar madubin da bakin rigarsa.

"Tun daga Gaya nake ganinka," ya ce. "Tuƙin naka har yanzu da saura."

Na yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ci gaba da goge madubin.

"Ashe mutane da yawa suna gaida ni ta baya," ya ce. "Shekara uku. Ko me suke cewa a ransu?" Ya saki bakin rigar ya dube ni. "Innarka ta ce akwai ranar da ka kira ni a hanya ban amsa ba, ka yi fushi."

"Ya wuce, Baba."

"Bai wuce ba. Koma can."

Ya hau sirdin, ƙafa ɗaya a ƙasa, ya ba ni baya. Na koma 'yan taku na tsaya a tsakiyar layi, mutane suna wucewa suna kallonmu. A cikin madubin na hango idonsa yana jiran bakina.

Na ce, "Baba."

Ya ce, "Na'am."